Waiwaye: Hannun wa ke lanƙwasa ƙashin bayan furotin?

Tun da manhajar AlphaFold ta yi fice a gasar hasashen siffar furotin ta 2020, aka kuma ba masu ita rabin kyautar Nobel ta fannin sinadarai ta 2024, muhawara ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin akwai sauran amfanin mutum ya zauna gaban kwamfuta yana jan ƙashin bayan furotin (babbar sarƙar da ke haɗa amino asid, tubalan ginin furotin) da hannu, yana daidaita shi da taswirar da gwaji ya bayar, mai nuna inda ƙwayoyin zarra suke? Wasu na cewa aikin ya zama tsohon yayi, wasu na cewa an sakar wa na'ura ragama dare ɗaya. A ganina duka ɓangarorin sun manta inda aka faro.

Farkon labarin sananne ne. A Kambirij, John Kendrew ya fitar da siffar furotin ta farko a 1958, aka shiga zamanin ƙera siffofi da waya da sanduna. A 1963 G. N. Ramachandran da abokan aikinsa a Madras suka nuna cewa kusurwoyi biyu na kowane amino asid, waɗanda ake kira phi da psi, ba sa juyawa yadda suka ga dama, domin ƙwayoyin zarra za su yi karo. A 1978 Alwyn Jones ya fito da manhajar FRODO, aikin ya koma kan allo.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne 1986. A shekarar ne Jones da Søren Thirup suka nuna cewa ana iya harhaɗa ƙashin bayan furotin mai ɗaukar sinadarin bitamin A cikin jini daga gutsattsarin wasu furotin uku kacal da aka riga aka san siffarsu. Kafin nan mai bincike kan murɗa kusurwa bayan kusurwa har ta shiga taswira. Bayan nan sai dai ya ɗiga wuraren da yake zaton manyan ƙwayoyin kabon na sarƙar suke, manhaja ta leƙa rumbun siffofi, ta kawo masa guntayen da suka fi dacewa, ya zaɓa. Wannan ci gaba ne na gaske, domin ya rage lanƙwasar da ba ta yiwuwa a halitta, musamman inda taswira ta yi dishi-dishi. Amma daga ranar siffar da ake wallafawa ta zama gauraye: wani ɓangare daga gwaji, wani aro daga abin da aka saba gani. Hanyar Rosetta ta harhaɗa gutsattsari ta fito a 1997, ita ma AlphaFold daga wannan rumbu na Protein Data Bank ta koyi aikinta, rumbun da ya fara da siffofi 7 a 1971, yau kuma ya haura 200,000.

Masanan lokacin sun hango haɗarin. A 1992 Axel Brünger ya kawo dabarar ware wani kaso na bayanan gwaji, ba a taɓa shi wajen gyara, sai a ƙarshe a auna siffar da shi. A tsakiyar shekarun 1990 kuma Gerard Kleywegt da Jones suka gina wata furotin a baibai da gangan, kai ya koma wutsiya, ma'aunin da aka saba dogara da shi ya nuna kamar ba komai, ma'aunin Brünger ne ya tona asiri.

Inda abin ke damuna shi ne makomar zanen Ramachandran, wanda ke nuna ko kusurwoyin nan biyu na kowane amino asid suna cikin yankin da ke yiwuwa. Darajarsa ita ce shi mai shaida ne da ba ruwansa da shari'ar: ba a sa shi cikin gyara, don haka idan wani amino asid ya faɗa wajen yankin da aka yarda da shi, an san akwai abin dubawa. Da aka shiga zamanin hotunan furotin daskararru, wajen 2013, taswirori masu ƙarancin haske suka yawaita, sai ya zama ruwan dare a sa manhaja ta tura kusurwoyi cikin yankin da ƙarfi. Zanen zai fito fes, alhali mahaɗar amino asid biyu da ke buƙatar a juya ta gaba ɗaya tana nan a karkace, an dai ɓoye alamar.

Shi ya sa hannu bai tashi daga aikin ba. Manhajar Coot ta Paul Emsley da Kevin Cowtan, wadda ta fito a 2004, ta sa mutum na jan sarƙar yana ganin tana gyaruwa nan take. Manhajar ISOLDE ta Tristan Croll, a 2018, ta ƙara lissafin ƙarfin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, har sarƙar kan turje idan aka ja ta inda bai kamata ba. Hasashen AlphaFold kan ba da mafari mai kyau, amma a madaukai masu motsi da wuraren da magani ke maƙalewa, dole a koma ga taswira. Abin da nake so a ƙara shi ne duk wanda ya ajiye siffa a rumbu ya nuna a fili sassan da taswira ta tabbatar da sassan da aka aro, domin daga wannan rumbun ne manhajojin gobe za su yi karatu.