Tari da Sarƙewar Numfashi: Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Agege. Tunda hunturu ya kama wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa.

Mura ce kawai, sai an je asibiti?

Lafiyayyen babba, a'a. Jariri, tsoho, mai ciki, mai asma ko ciwon suga, kada a tsaya jira.

In sayo kafso a kemis?

A'a. Kafso ba ya kashe ƙwayar mura. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa?

Ɗakinmu ɗaya, maigida na tari, ga jariri ga kaka. Yaya za mu yi?

Baiwar Allah, wannan ce mai wuya, don na san yadda ɗakin haya yake a Legas. Ba zan ce ki ware masa ɗaki ba alhali babu. In akwai ɗan'uwa kusa, kaka ta koma can na 'yan kwanaki, sai dai in tsohuwa ta ƙi, kuma sukan ƙi. To maigidan ya saka takunkumi, ya kwana ta bakin taga, jariri can ɗaya gefen. Taga a buɗe, ko da ƙura na shigowa; amma in kaka mai asma ce, a rufe lokacin da hazo ya yi kauri, a buɗe in ya lafa. Ya daina sumbatar yaron, ya wanke hannu da sabulu in ya dawo daga kasuwar Mile 12. Gawayi da igiyar leƙo su bar ɗakin, a ɗaura gidan sauro. Janareta kuwa nesa da taga, hayaƙinsa na kisa cikin barci. Duk wannan rage haɗari ne, yaron na iya kamuwa, kuma ba laifinki ba ne. Ki ci gaba da shayarwa ko ke ma kin kamu.

Yaya zan gane tarin yaro ya sauka ƙirji?

Ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ƙasa da wata 2, 60 ya yi yawa. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ko ya ƙi mama, goya shi sai asibiti, ko tsakar dare ne.

Rigakafi fa?

Ta ciwon huhu ana yi wa jariri a sati 6, 10 da 14, kyauta a asibitin gwamnati. Ku daina tsallake ta uku don an tafi gida Arewa.

Tarin Malam ya kai sati 2.

A gwada majinarsa gobe. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne.