Baƙin gilashi ba ya sanyaya ofis

A Zariya mutane da dama sun ɗauka benen ofis da aka lulluɓe da baƙin gilashi ya fi sanyi. Ba haka ba ne. Gilashin yana rage haske, amma yana shan zafin rana ya riƙa sako shi cikin ɗaki, musamman ta ɓangaren yamma a watan Afrilu. Da an ɗauke wuta, ofis ya zama tanda.

Maganin shi ne a tare rana tun daga waje: rumfar kankare a saman taga, manyan tagogi kuma su kalli kudu da arewa. Zariya na wajen digiri 11 arewa da ikwaita, da azahar rana tana can sama, don haka gajeriyar rumfa ma ta isa.