Masanin halayyar ɗan Adam ba boka ba ne

A Jos, ɗalibi na cewa ilimin halayyar ɗan Adam yake karantawa, sai a ce masa, "To malam, faɗa min abin da ke raina." Wannan yana damuna, don fannin ba duba ba ne, bincike ne.

Masanan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Sigmund Freud, likita ɗan ƙasar Austria, ya ɗauka abubuwan da suka faru a ƙuruciya ke juya mutum ba da saninsa ba. A 1913 John Watson, masani ɗan Amurka, ya ce a ajiye batun zuci, a auna abin da ido ke gani, domin ɗabi'a koyonta ake yi. Aaron Beck kuwa, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, yadda mutum ke fassara abin da ya faru ya kama: abokinka bai amsa sallama ba, ka ce ya tsane ka, damuwa ta shigo, alhali ƙila bai ji ba ne.