Tantance Haki da Gazawar Zuciya a Asibiti

Gazawar zuciya yanayi ne da zuciya ke kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki, ko ta kasa cika da jini yadda ya kamata. Idan haka ta faru, ruwa kan taru a huhu da ƙafafu da ciki. Abin da ya fi kai mai wannan ciwo asibiti shi ne haki, wato sarƙewar numfashi. Sai dai asma, tarin fuka, ciwon huhu, ƙarancin jini da ciwon ƙoda duk suna sa haki, don haka aikin likita na farko shi ne rarrabewa.

Tambayar majiyyaci

Rabin aikin yana cikin tambaya. Ba a tsayawa ga "kana haki?", ana bin diddigi ne: yaushe yake zuwa, kuma wane aiki ne mutum yake yi a da wanda yanzu ya gagare shi. Wani zai ce a da yana zuwa masallaci a ƙafa ba tare da tsayawa ba, yanzu sai ya huta sau biyu a hanya. Wata za ta ce daka ko shara ma ta fi ƙarfinta.

Tambayar da ta fi tona asirin zuciya ita ce ta kwanciya. Idan mutum ya kwanta rigingine, ruwan da ya taru a ƙafafu da rana yakan koma ƙirji, numfashi ya yi nauyi. Shi ya sa ake tambayar filo nawa yake tadawa, ko ma a zaune yake kwana. Wasu sukan farka tsakar dare a firgice, su nufi taga neman iska, sai bayan ɗan lokaci a zaune abin ya lafa. Wannan alama tana nuni da zuciya ƙwarai.

Tun 1928 likitocin zuciya na birnin New York suka kasa tsananin ciwon mataki huɗu: na farko aikin yau da kullum ba ya damun mutum, na biyu yakan sa shi haki, na uku ɗan ƙaramin motsi ma ya isa, na huɗu yana haki ko a zaune. Har yau da wannan ma'auni ake aiki.

Dubawa da gwaji

Likita yakan jingina majiyyaci a karkace, kusan digiri 45, ya duba jijiyar wuya ko ta cika ta tashi. Yakan danna ƙwauri da babban yatsa. Idan gurbin ya zauna kamar an danna tuwo, akwai ruwa. Sannan ya saurari ƙasan huhu da bugun zuciya, ya taɓa hanta, ya auna hawan jini.

Gwajin jini na NT-proBNP yana auna sinadarin da zuciya ke saki idan bangonta ya miƙe. Amfaninsa mafi girma shi ne kawar da zargi: ƙasa da 125 ga wanda ya zo da ƙafarsa, ko ƙasa da 300 ga wanda aka kawo cikin gaggawa, da wuya a ce gazawar zuciya ce. Hoton ƙirji da gwajin lantarkin zuciya suna taimakawa, amma hoton eko, wato sikanin zuciya, ne ke yanke hukunci, domin yana nuna kason jinin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Kashi 40 cikin 100 zuwa ƙasa rauni ne bayyananne. Akwai kuma masu kashi 50 zuwa sama da ke da ciwon, saboda zuciyar ta yi tauri ba ta cika sosai. Wannan ya fi yawa ga tsofaffi da masu hawan jini.

A ƙasar Hausa

Hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a Afirka kudu da Sahara, kuma yakan kama mutane da sauran ƙarfinsu. Amma akwai nau'in da ya shafi arewacin Najeriya musamman, wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun bayyana yawansa a Zariya, suka alaƙanta shi da wankan jego, kwana kan gadon wuta da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Binciken PEACE, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta aka buga a 2020, ya sami mace 1 mai ciwon cikin haihuwa 96 a Kano, ya kuma fi danganta ciwon da rama, talauci da hawan jinin masu ciki.

Abin takaici, sau da yawa ana ɗaukar hakin maijego a matsayin gajiyar haihuwa, kumburin ƙafarta kuma a ce zai sace da kansa. Maijegon da ba ta iya kwanciya sai a jingine, ko take tari da dare, tana buƙatar a duba zuciyarta a ranar, ba sai an yi arba'in ba.