"Rafali ya ci kuɗi": abin da doka ta ce kafin ka rubuta haka

Duk wanda ke bin gasar ƙwallon unguwanni ya san yadda ake kwashewa bayan an tashi wasa. An ci ƙungiyarku da fenariti a minti na ƙarshe, kafin a yi sallar isha'i wani ya riga ya rubuta a zauren WhatsApp na gasar cewa rafali ya karɓi na goro. Wani ya ƙara da cewa ɗan wasan gaban ɗaya ƙungiyar ya rage shekaru, ko ma'aji ya cinye kuɗin rajista. Wanda ake magana a kansa kuwa malamin makaranta ne ko tela, yana da iyali da surukai, kuma duk sun gani.

A yawancin jihohin Arewacin Najeriya, dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code) da ta fara aiki a 1960 ce ke magana a kan wannan. Sashe na 391 ya ce ɓata suna shi ne ka jingina wa mutum wani abu, da baki ko a rubuce ko ta alama, da nufin zubar masa da mutunci, ko kana da dalilin sanin hakan zai faru. Sashe na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Jihohin da suka sabunta dokarsu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassan sun canza. Ban da wannan, wanda aka ɓata yana iya zuwa babbar kotu ya nemi diyya.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin ra'ayi da zargi. Ka ce rafali bai iya aiki ba, bai ga satar gida ba, jan katin da ya bayar bai dace ba: wannan ra'ayinka ne a kan abin da kowa ya gani a fili, kuma doka ta bar maka wannan ƙofa muddin da kyakkyawar niyya ka faɗa. Da zarar ka ce an ba shi dubu ashirin a bayan fili, ka kawo labari ke nan, za a kuma tambaye ka shaida. Wa ya ba shi? A gaban wa? "Kowa ya sani" ba ya tsayawa a gaban alƙali. A shari'ar diyya, gaskiyar maganar tana wanke ka, amma kai ne za ka tabbatar da ita. A ƙarƙashin Final Kod kuwa, ana so ta zama gaskiya kuma bayyana ta na da amfani ga jama'a.

Sa "wai" ko "an ce" a gaban magana ba ya kare kowa. Wanda ya tura saƙon zuwa wani zaure shi ma ya yaɗa shi. Ɓoye suna ma bai isa ba idan duk unguwa ta san wanda ya busa wasan jiya. Goge saƙo kuma ba ya goge hoton da wani ya riga ya ɗauka, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da aka ciro daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗansa.

Akwai maguɗi a wasu gasanni, wannan ba na musunsa, kuma yana da ciwo ga yaran da suka yi wata guda suna atisaye. Mai irin wannan zargi ya rubuta ƙorafi zuwa kwamitin shirya gasar ko hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ya sa ranar wasa, da abin da ya gani da idonsa, da sunayen shaidu. Ƙorafin da aka kai da kyakkyawar niyya ga mai ikon bincike yana cikin abubuwan da sashe na 391 ya cire daga ɓata suna.