Taron jama'a da girgizar gini: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Da gaske mutane na iya girgiza ginin siminti da rodi?

Ƙwarai kuwa. Kowane bene da kowace gada na da irin nasu motsin.

To ai nauyi ne ya yi yawa?

A'a, kuma na sha faɗa. Yaro ƙarami kan tura lilon da ƙato ke kai har ya yi sama, muddin yana turawa daidai lokacin da lilon ya dawo. Haka gini yake in takun mutane ya zo daidai da motsinsa. Mutum 100 a tsaye shiru daban, mutum 100 suna tsalle kan kiɗa ɗaya daban.

Za mu yi biki a saman bene, dakin ɗin, wato rufin simintin, zai ɗauka?

Wannan ce ba na son amsawa ta waya. Ya danganta. An zuba dakin ɗin don ɗakunan kwana ne, ko don taro? Nawa ne tazarar ginshiƙan? Fili mai faɗi da babu ginshiƙi a tsakiya ya fi saurin amsa takun rawa, domin motsinsa yakan zo kusa da saurin tsallen mutane, wajen sau 2 zuwa 3 a daƙiƙa. In zama za a yi a ci abinci a watse, mai yiwuwa babu matsala, in ginin lafiyayye ne. In akwai makaɗa, lissafi ya canza. Sannan wa ya san rodin da aka sa? Ko an fasa wani bango a ƙasa don a faɗaɗa shago? Don Allah ku daina cewa "ai bara an yi, ba abin da ya faru". Ku kira injiniya ya duba zanen ginin, ya hau ya gani da idonsa. In babu hali, a sauko da rawar tsakar gida.

Me ya sami gadar Landan?

Gadar Millennium ta masu tafiya a ƙafa. An buɗe ta ranar 10 ga Yuni 2000, bayan kwana biyu aka rufe. Da ta ɗan yi gefe, sai kowa ya ware ƙafafu kamar mai tsayuwa a kwale-kwale, taku ya zo ɗaya ba da niyya ba, lilon ya ƙaru. Sai 2002 aka sake buɗe ta, bayan an ɗaura mata na'urorin shanye girgiza.

Shi ya sa sojoji ba sa fareti a kan gada?

E. Gadar Broughton a Ingila ta rufta da su a 1831.

In na ji bene na rawa a ƙarƙashina, in gudu?

Kada ka gudu, kada ka yi ihu. Jikin mutum yakan ji girgiza tun kafin ta kai ga haɗari, turereniya a matattakala kuwa tana kisa. A tsayar da kiɗa, a sauka a hankali. In ka ga tsagewa ko filasta na zubowa, kada kowa ya sake hawa.