Waiwaye: Darasin zaɓe a makarantun mutawassiɗa na Sudan

Yaron da ke makarantar mutawassiɗa, wato matakin da ke tsakanin firamare da sakandare, a Gadarif ko Mai Wurno yau bai taɓa ganin layin zaɓe da wayonsa ba, domin zaɓen ƙarshe da aka yi a Sudan shi ne na 2015, wanda Umar al-Bashir ya lashe da kusan kashi 94 cikin 100 bayan manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace. Malaminsa ma, in dai bai doshi sittin ba, bai taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen da ba a san mai nasara tun kafin ƙirge ba. Rabon ƙasar da irin wannan tun 1986, lokacin da Sadiƙ al-Mahdi ya zama firaminista. Ke nan ana son malami ya koyar da abin da shi kansa labarinsa kawai ya ji.

Kuma ba don Sudan baƙuwa ce ga akwatin zaɓe ba. A 1953, tun kafin 'yancin kai, aka yi zaɓen majalisa a ƙarƙashin hukumar da Sukumar Sen, shugaban hukumar zaɓen Indiya, ya jagoranta, jam'iyyar Isma'il al-Azhari ta yi nasara. Tun daga ranar aka ɗaure ƙuri'a da karatu: an ware kujeru 5 na musamman waɗanda masu ilmin boko kaɗai ke zaɓa, wato mai takardar makaranta yana da ƙuri'a biyu, manomi yana da ɗaya. Ta irin wannan kujera Fatima Ahmed Ibrahim ta shiga majalisa a 1965, mace ta farko, bayan juyin juya halin Oktoba na 1964 ya ba mata duka damar zaɓe. Sai dai kowace gwamnatin farar hula soja ne ya kawar da ita: Abbud a 1958, Numeri a 1969, Bashir a 1989.

Ga Hausawa da sauran waɗanda ake yi wa laƙabi da Fallata, akwai tambayar da ta riga "wa za ka zaɓa?", ita ce "kai ɗan ƙasa ne?" Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru kuwa sai bayan yaƙin Burmi na 1903 suka yi hijira gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar. Haka dubban maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka, suka shiga noman auduga a Jazira. 'Yan shekarun nan na tsakani sun sa an haifi mutane a ƙasar, sun tsufa a cikinta, ba su da takarda. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba, kuma rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya taso kan neman sarautar gargajiya ga Hausawa, ya fama shi.

Ita kanta mutawassiɗar ta sha tashi da faɗuwa. Tsohon tsari shekara 4-4-4 ne, wato huɗu a firamare, huɗu a mutawassiɗa, huɗu a sakandare. A 1970, zamanin ministan ilmi Muhyiddin Sabir, aka koma 6-3-3. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Bashir ta soke matakin tsakiyar gaba ɗaya, ta haɗa shi da firamare ya zama asas, wato matakin tushe, mai shekara 8, ta cika littattafai da aƙidarta. Kusan shekara 30 ɗan shekara 13 yana filin wasa ɗaya da ɗan shekara 6, ana yi musu magana da murya ɗaya, alhali a wannan shekarun ne yaro ke fara gardama da neman dalili.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ce ta dawo da 6-3-3, aka kuma fara sake rubuta manhaja. Aikin bai je ko'ina ba. Hoton zanen Michelangelo a littafin tarihi na aji 6 ya tayar da ƙura a masallatai, Hamdok ya dakatar da manhajar, shugaban cibiyar manhajoji Umar al-Garrai ya ajiye aiki a Janairun 2021. A ganina an yi asara babba a nan, domin hoto guda ya cinye muhawarar da ya kamata a yi kan me za a faɗa wa yara game da mulki. Watanni tara bayan haka soja suka sake karɓe iko, ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma yaƙi ya ɓarke. A Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta.

Yaran dai sun koyi siyasa, amma a titi. 'Yan makaranta na cikin waɗanda suka fara fitowa a Damazin da Atbara a Disambar 2018 kan tsadar burodi, an kuma harbe wasu ɗalibai a El-Obeid ranar 29 ga Yulin 2019. Sun san zanga-zanga ciki da bai, ba su san rajista, wakilin akwati, ko yadda ake rungumar faɗuwa ba. A aji kuwa, alfa, wato shugaban aji mai rubuta sunayen masu surutu, galibi malami ne ke naɗa shi. Inda makarantu suka sake buɗewa, barin yara su zaɓi alfan da kansu, a ƙirga ƙuri'u a gabansu, ba ya buƙatar sabon littafi ko izinin Khartum.

Darasin ma yana da amfanin a-zo-a-gani. A 2010 mai zaɓe a arewa takardun ƙuri'a 8 aka miƙa masa, na kudu 12, kuma a gidaje da yawa ɗan makaranta ne ke karanta wa iyaye duk wata takardar hukuma. Doka ta sa shekarun zaɓe 18, amma iyalan da suka tsere daga Madani ko Sinja ba tare da takardunsu ba, sai sun fara neman raƙam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kafin a yi maganar rajista.